Darasin Lafiya: Kunnen Jariri Da Ya Ƙi Warkewa

Wannan darasi domin ma'aikatan lafiya na ƙauye ne, da unguwar zoma, da shugabannin ƙungiyoyin mata, da dukan iyaye masu goyo. A karanta shi a hankali a wurin taro. In an gama, sai a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

Babu ƙauyen da ba a san ciwon kunne ba. Da hunturu ya kama, mura ta yi yawa, sai ka ji yara suna kuka da dare suna jan kunne. Bayan kwana biyu ko uku ruwa ya fara fita. Kusan dukan waɗannan yara ƙwayoyin cuta ne suka shiga kunnensu, magani kuwa yakan warkar da su.

Amma akwai wani yaro can ba a rasa ba, wanda ruwan kunnensa ba na mura ba ne. Ƙari ne yake girma a ciki, a wurin da ido ba ya gani. Irin wannan ba shi da yawa ko kaɗan. Mai yiwuwa ma'aikacin ƙauye ya gama shekarun aikinsa bai gamu da shi ba sai sau ɗaya. Amma ran da ya gamu da shi, ran yaron yana iya ratayawa a kan abin da ya yi a makon nan.

Ba a warkar da ƙarin kunne a ƙauye. Aikinmu shi ne mu gane kunnen da ya saɓa wa sauran, mu hana a taɓa shi, mu aika da yaron babban asibiti da wuri.

1. YADDA KUNNE YAKE

Kunne kashi uku ne. Na waje shi ne wanda muke gani, tare da raminsa. Ramin ya ƙare a dodon kunne, watau wata siririyar fata mai rawa kamar ta kalangu. Bayan dodon akwai kunnen tsakiya. Ɗan ɗaki ne mai iska a ciki, bai fi ƙwayar gyaɗa girma ba. A nan ne ƙasusuwa 3 suke, waɗanda suka fi kowane ƙashi ƙanƙanta a jikin mutum. Wata 'yar hanya ta haɗa ɗakin nan da bayan hanci. A jikin jariri hanyar gajera ce, a kwance take kuma, shi ya sa cutar mura takan bi ta nan da sauƙi. Na uku shi ne kunnen ciki, inda ƙara take shiga jijiyar ji.

Kunnen tsakiya da na ciki suna cikin ƙashin gefen kai. Wannan ƙashi kuwa sashe ne na gindin ƙoƙon kai. Ku tuna da rumbu. Yadda hatsi yake zaune a kan daɓen rumbu, haka ƙwaƙwalwa take zaune a kan gindin ƙoƙon kai. Gindin yana da ƙofofi ƙanana. Ta cikinsu jijiyoyi 12 suke wucewa a dama, 12 kuma a hagu, zuwa ido da hanci da fuska da harshe da maƙogwaro. Ta bakwai daga cikinsu ita ce mai motsa fuska, tana ratsawa ta cikin ƙashin kunne. Rufin kunnen tsakiya kuma siririn ƙashi ne, a bisansa rigar ƙwaƙwalwa take.

To, kun ga dalilin da ya sa ƙaramin ƙari a wannan wuri yake da hatsari. Wurin matsattse ne. In abu ya fara girma, ko ya danne jijiya, ko ya ci ƙashi ya nufi ƙwaƙwalwa. Yakan yi ɓarna kamar gara a gindin rumbu. Kafin a ga alama a waje, aikin ya yi nisa a ciki.

2. CIWON KUNNE NA YAU DA KULLUM

Kafin mu gane baƙon ciwo, tilas mu san na gida sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ma'aikata ƙa'ida mai sauƙi. In ruwan kunne bai kai kwana 14 yana fita ba, sabon ciwo ne, ana ba da maganin sha. In ya kai kwana 14 ko fiye, daɗaɗɗen ciwo ne, ana shanye ruwan a ɗiga maganin da asibiti ya bayar. In akwai kumburi mai zafi a bayan kunne, ciwon ya shiga ƙashi, a aika da yaron asibiti ran nan. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuwa, kowane irin ruwa ne ya fito daga kunnensa, kada a kwana da shi a gida.

Ga yadda ake shanye ruwan kunne. A sami tsabtataccen ƙyallen auduga mai laushi, a naɗe shi kamar lagwanin fitila. A sa shi a ramin kunne a hankali. In ya jiƙe a cire, a sa wani, har kunnen ya bushe. A yi haka sau 3 a rana. Kada a sa tsinke, ko ashana, ko gashin kaza.

Kunnen da ƙwayoyin cuta suka kama yakan nuna sauƙi in an bi wannan. Ruwan ya ragu, warin ya ragu, yaro ya koma wasa. Wanda bai nuna sauƙi ba, shi ne muke magana a kansa.

3. IRIN ƘARIN DA AKE SAMU

Ƙari shi ne nama ko tsiro da ya fito inda bai kamata ba. Wani ƙarin yakan tsaya wuri ɗaya. Wani kuwa yakan ci abin da ke kewaye da shi, ya kuma bazu zuwa huhu ko ƙashi. Wannan shi ne ciwon daji. Mun rubuta sunayen da likitoci suke amfani da su, domin ku gane su in kun ji a asibiti.

Na ɗaya, rabdomayosakoma. Ciwon daji ne da ke fitowa daga ƙwayoyin halittar da ya kamata su zama tsoka. Shi ne ciwon dajin da ya fi kama kunnen tsakiya a yara. Ya fi yawa a 'yan ƙasa da shekara 10, yakan kama jarirai ma. A Amurka, inda ake rubuta lissafinsa, yara 4 ko 5 ne cikin miliyan 1 suke kamuwa da shi a shekara. Wajen kashi 1 cikin 3 nasu a kai ko wuya yake fito musu, na kunne kuwa kaɗan ne daga cikin waɗannan. Yakan fara kamar ciwon kunne na kullum. Daga baya ruwan ya gauraya da jini, wani jan nama ya leƙo a ramin kunne, baki ya karkace. Yana girma da sauri, cikin makonni.

Na biyu, ciwon ƙwayoyin Langahans. An ba shi sunan wani likita Bajamushe, Paul Langerhans, wanda ya fara ganin irin ƙwayoyin nan a fatar mutum a shekarar 1868, yana ɗalibi a Balin. A wannan ciwo ƙwayoyin sukan taru a ƙashi su huda shi. Ya fi kama yara daga shekara 1 zuwa 3. Yakan kama kunne ɗaya ko duka biyu. Sau da yawa akwai ƙuraje masu ɓawo a fatar kai da bayan kunne da matsematsi, waɗanda ba su jin man shafawa. In ya taɓa wani ƙullutu da ke gindin ƙwaƙwalwa, sai yaro ya yi ta shan ruwa ba ya ƙoshi, yana ta fitsari dare da rana. A shekarar 2010 masu bincike a Amurka suka gano cewa a fiye da rabin masu ciwon akwai wani canji iri ɗaya a cikin ƙwayoyin. Wannan ya buɗe hanyar sababbin magunguna.

Na uku, kolestiyatoma. Wannan ba ciwon daji ba ne. 'Yar jakar fata ce da ta maƙale a bayan dodon kunne. Wani yaro da ita ake haihuwarsa, likita ya hango ta fara fat kamar dutsen ado. Wani kuwa daɗaɗɗen ciwon kunne ne yake jawo masa ita. Tana girma a hankali, tana cin ƙananan ƙasusuwan ji. In ta ruɓe ruwanta yana da mugun wari. Maganin sha ba ya kawar da ita, sai an yi aiki an cire.

Na huɗu, himanjiyoma. Tarin ƙananan hanyoyin jini ne. Yakan bayyana a makonnin farko bayan haihuwa, a fatar kunne, ko a gaban kunne wajen kunci. Yana da taushi da ɗumi, ja ne ko mai duhu. Yakan girma da sauri a watannin farko, ya tsaya, ya fara lafawa bayan shekara 1. Yawancinsu ba su bukatar kome sai lura. Amma wanda ya toshe kunne, ko ya rufe ido, ko ya zama gyambo, yana bukatar magani. A shekarar 2008 likitoci a garin Bodo na ƙasar Faransa suka ba da labari cewa wani tsohon maganin ciwon zuciya, firofaranolol, yana motsar da shi. Likita ne kaɗai yake auna wa jariri wannan magani, gama yana iya rage bugun zuciya da sukarin jini.

Na biyar ba ƙari ba ne, amma yana kama da shi. Wani jariri akan haife shi da ƙofa a ƙoƙon kai wadda ba ta rufe ba. Rigar ƙwaƙwalwa takan turo ta wurin, wani lokaci har da ɗan sashen ƙwaƙwalwar. Sai a ga kumburi mai taushi a ƙeya, ko a karan hanci tsakanin idanu, ko a cikin hanci. Sau da yawa yakan ƙara cika in jaririn yana kuka. Wanda ya huda shi ya buɗe wa sanƙarau ƙofa.

4. ALAMU BAKWAI

Ma'aikacin ƙauye ba zai iya rarrabe waɗannan biyar ba. Ba a kuwa bukatar ya yi. Abin da ake so shi ne ya haddace alamun nan. Guda ɗaya ta isa a aika da yaro.

1. Ruwan kunne da aka yi wa magani daidai har mako 2, bai ragu ba.
2. Jini yana fita daga kunne, ba faɗuwa, ba tsokana.
3. Nama ya leƙo a ramin kunne.
4. Baki ya karkace in yaro yana kuka, ido ɗaya ba ya rufuwa, nono yana zuba ta gefe ɗaya.
5. Kumburi a bayan kunne, ko gabansa, ko a ƙoƙon kai, wanda yake ƙaruwa.
6. Ido ya karkace ko ya turo, murya ta dushe, ko yaro yana ƙwarewa in yana shan nono.
7. Ruwan kunne tare da ƙurajen kai da suka ƙi magani, ko ƙishirwa da fitsari fiye da kima.

Ku lura. Waɗannan alamu ba su tabbatar da ciwon daji ba. Ciwon kunne na kullum ma, in ya yi tsanani, yakan fid da nama ko ya karkatar da baki. Amma ko wannan ne ko wancan, ya fi ƙarfin ɗakin shan magani na ƙauye.

5. ABIN DA BA ZA A YI BA

Kada a ja naman da ya leƙo, kada a yanke shi, kada a ɗaure shi da zare. Abin da ake gani bakinsa ne kawai, saiwarsa tana ciki kusa da jijiya da manyan hanyoyin jini.

Kada a kai wa wanzami ya yi sakiya, ko tsaga, ko ƙaho a kan kumburin kan jariri. Ba maruru ba ne.

Kada a ɗiga man ja, ko man gyaɗa, ko nono, ko ruwan ganye, ko kananzir.

Kada a yi ta canja magani daga wannan kemis zuwa wancan. Kowane mako da ya wuce, ƙarin yana ƙara shiga ciki.

Kada a ɗora wa uwa laifi. Ba abin da ta ci ba ne, ba nononta ba ne, ba kishiya ba ce, ba iska ba ce ta bugi yaron. Ba a kuma ɗaukar ƙari daga wani yaro zuwa wani.

6. ABIN DA ZA A YI A BABBAN ASIBITI

A aika da yaron inda akwai likitan kunne da hanci da maƙogwaro. A Nijeriya akwai su a asibitocin koyarwa, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, da na Aminu Kano a Kano, da na Jos, da na Sakkwato, da na Maiduguri. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1999. A Nijar akwai Babban Asibitin Ƙasa a Yamai.

Likita zai leƙa kunnen da fitila. Zai sa a ɗauki hoton siti ko na em-ar-ai, masu nuna ƙashi da nama sala-sala. Za a sa yaron barci a ɗebi ɗan naman a duba shi da madubin ƙara girma. Sai an yi wannan ake sanin sunan ciwon. Sakamakon yakan ɗauki kwanaki. Iyaye su yi haƙuri, kada su tafi.

In rabdomayosakoma ne, ana ba da magunguna masu ƙarfi ta jijiya, zagaye bayan zagaye, wajen wata 6 zuwa shekara 1. Akan haɗa da gashi da wani haske mai ƙarfi. Likitoci suna taka-tsantsan da gashin a jarirai, domin ƙwaƙwalwa da ƙasusuwan fuska suna kan girma. Gashin kai zai zube, yaro zai yi amai, zai rame. Gashin zai sake fitowa. In zazzaɓi ya kama shi a tsakanin zagaye, a koma asibiti nan take, gama maganin yana rage ƙarfin jiki na yaƙi da cuta.

Akwai fata kuwa? Akwai. Kafin shekarar 1970, a Amurka, wajen yaro 1 cikin 4 ne yake tsira daga rabdomayosakoma. A shekarar 1972 asibitocin ƙasar suka haɗa kai suka fara gwada magunguna tare, suna rubuta abin da ya faru da kowane yaro. Da haka masu tsira suka kai wajen 7 cikin 10. Biyu daga cikin manyan magungunan yara, binkiristin da binbilastin, daga ganyen wata fulawa ta tsibirin Madagaska aka samo su. Ita ce mai fure biyar-biyar, fari ko ruwan hoda, da ake shukawa a ƙofar gidaje da makarantu. Binbilastin, wanda masu bincike a Kanada suka fitar a shekarar 1958, shi ake ba masu ciwon Langahans. Amma kada wani ya dafa ganyen ya ba yaro. Dafi ne, ba ya kuwa warkar da ƙari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara wajen 400,000 ne suke kamuwa da ciwon daji iri-iri kowace shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 suna warkewa. A ƙasashe matalauta da yawa ba su kai 30 cikin 100 ba. A shekarar 2018 Hukumar ta sa burin a kai 60 cikin 100 kafin shekarar 2030. Cikin dalilan wannan rata akwai biyu da suke hannunmu: zuwa a makare, da barin magani a tsakiya.

7. YADDA ZA A YI WA IYAYE MAGANA

Ga misali domin koyo. A ce an kawo yarinya 'yar wata 10 a lokacin girbi. Kunnenta na hagu ya yi mako 5 yana ruwa, an sha magani sau biyu. Yanzu akwai jini, bakinta kuma ya karkace. Ma'aikaci ya kira uban da kakar, ya ba su wurin zama.

"Maigida, na yi iyakar abin da na sani, kunnen nan bai ji ba. Ina so ka kai ta babban asibiti gobe."

"Malam, dawa tana gona. A bari in gama yanka, mako uku ne kawai."

"Na san nauyin da ke kanka. Amma dubi bakinta. Makon jiya ba haka yake ba. Abin yana tafiya, ba zai jira dawa ba."

Kakar ta ce, "Ɗana, ai iska ce. Mun saba gani."

"Iya, kin fi ni ganin yara. A cikin waɗanda kika raina, nawa ne kunnensu ya yi jini, nama ya fito?"

"Gaskiya ban taɓa gani ba."

"Shi ya sa nake so wanda ya taɓa gani ya duba ta."

Ku lura da abin da ma'aikacin ya yi. Bai ce ciwon daji ba ne, gama bai sani ba tukuna. Bai kuma ce ba kome ba. Bai raina kakar ba. Ya yi magana da mai ikon fid da kuɗi, ba da uwa kaɗai ba.

Sa'an nan ya rubuta takarda. A ciki ya sa watannin yarinyar, da ranar da ruwan ya fara, da sunan kowane magani da kwanakin da aka sha, da ranar da jini ya fara, da ranar da bakin ya karkace. A ƙasa ya rubuta: "An yi magani sau biyu bai ji ba. Ina roƙo likitan kunne ya duba." Wannan layi yana hana a sake ba su maganin da suka riga suka sha a sallame su. Ya kuma nuna wa uwar ta riƙa rufe idon da ba ya rufuwa da tsabtataccen ƙyalle in yarinyar tana barci, ta ci gaba da ba ta nono.

Tafiya da jinya suna cin kuɗi da yawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kwamitin lafiya na ƙauye ya ajiye asusun mota tun kafin bukata ta zo. Matasa su yi gayya su yanke dawar. Mata su raba ranakun lura da sauran yaran gidan. In an sallamo su, ma'aikaci ya rubuta ranar komawa a littafinsa, ya je ya tuna musu kwana biyu kafin ranar.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Me ake ɗigawa a kunnen yara a ƙauyenmu? Wa yake ba da shawarar?
2. Kwana nawa ruwan kunne zai yi kafin a kira shi daɗaɗɗe?
3. Ku faɗi alamu bakwai ba tare da duba takarda ba.
4. Don me ba a huda kumburin kan jariri?
5. Wane babban asibiti ya fi kusa da mu? Nawa ne kuɗin mota na mutum biyu, zuwa da dawowa?
6. Ta yaya za mu yi magana da wanzamanmu har su zama masu aiko mana da irin yaran nan?

AIKIN WANNAN WATA

Kowace mace ta koyi naɗa lagwani, ta koya wa maƙwabciyarta. Ma'aikaci ya rubuta alamu bakwai da manyan baƙaƙe, ya manna a bangon ɗakin shan magani. Ya kuma zaga gidaje ya rubuta yaran da kunnensu yake ruwa. Bayan mako 2 ya sake zagawa ya ga wanda bai warke ba.